Wai gashi za a yi mini

Ranar da likita ya ɗago kai daga rubutu yace "Hajiya zan tura ki gashi", wallahi abin da ya fara zuwa raina tukubar mai tsire ce. Ba wai ban san kalmar ba fa, duk wanda ya tashi a Kano ya taɓa jin ance an kai wane gashi asibitin ƙashi na Dala, amma jin ana faɗa a kan wani daban, ace kai za a yi wa daban. Nace likita gashi kamar yaya, da wuta? Yayi dariya yace a'a Hajiya, sashen fisiyo zaki je, can zasu yi miki bayani. Ya yage takarda ya miƙo min, ya kira na gaba. Shikenan, na fito riƙe da takarda ban san me zan tarar ba.

Bari in koma baya kaɗan. Ni malamar firamare ce, shekarata 47, kuma ina da ciwon suga kusan shekara tara kenan ina kan magani. Kafaɗata ta dama ce ta fara ciwo tun cikin damina, ban faɗi ba, ba abin da ya buge ni, haka kawai rana tsaka. Da farko sai da daddare, in barci ya ɗauke ni na juya na kwanta a kanta sai in farka kamar an soka min tsinke. Daga baya hannun ya fara ƙin ɗagawa. Rubutuna a allo ya dinga saukowa ƙasa a hankali har yara suka lura, kwanan wata da nake rubutawa can sama sai da na koma sa monita ya hau benci yana rubutawa. Ɗaurin ɗankwali ya gagare ni, zif ɗin bayan riga kuwa ba a magana, sai na kira 'yata. Kai har ɗauko gwangwanin gishiri daga kan kanta ya zama aiki.

Kun san mu da shawara. Kowa likita ne. Wannan yace sanyi ne, wancan yace amosanin ƙashi, surukata kuwa ta tsaya kai da fata kambun baka ne tunda aka ƙara min girma a wurin aiki. Ƙanin maigidan yace akwai wani maɗori a ƙauyensu ja ɗaya zai yi ta koma daidai, nace to ai ba karaya nayi ba, ba targaɗe ba, me zai ɗora? Ƙaho ne kawai na ƙi tun ba a je ko'ina ba, don mai suga ba ya wasa da tsaga a fata. Amma man zafi kam na shafa iri ya kai biyar, ƙwayar ciwon jiki ta kemis na sha ta kusan kullum wata da watanni, wannan ɗin ce ma likita yayi min faɗa a kanta sosai, yace irin su diklofenak in ana ɗirka su haka ba ƙaƙƙautawa suna taɓa ƙoda suna kawo gyambon ciki, balle ni da suga ya riga ya sa wa ƙodar ido. Sai da na kai wata bakwai a haka, hunturu ya shigo, sannan na kai kaina asibiti. Aka yi hoton ƙashi, aka ce ƙashi lafiya lau. Nan ne aka rubuta gashi.

Ni a da na ɗauka sai asibitin ƙashi na Dala kaɗai ake yi, saboda shi ne sunansa ya fita, ashe manyan asibitoci irin su na Malam Aminu Kano da Murtala duk suna da sashen, akwai kuma na kuɗi. Nawa dai a asibitin da nake ganin likitan suga ne, ba sai na faɗi suna ba. A ranar na nemi sashen, yana can baya sai ka wuce ɗakunan kwanciya, na tarar da wani mutum a tebur da katon littafi ya karɓi takardar ya duba ya ba ni rana, kwana tara nan gaba, ƙarfe takwas na safe. Nace Malam me zan zo da shi? Yace katinki da hoton ƙashin da wannan takardar, ki sa kaya masu sakewa. Iyakar abin da na samu kenan, don layi ne a bayana.

Kwana taran nan su ne labarin gaskiya. Tsoro na sha kamar me. Wata abokiyar aikina tace ai wani kawunta da ya karye a gwiwa da aka kai shi, ƙato da gemunsa yana kuka da hawaye, wai hawa kan ƙafar ake yi a lanƙwasa da ƙarfin tsiya. Wata tace wutar lantarki ake jona wa mutum. Na dawo gida na gaya wa maigidan, maimakon ya kwantar min da hankali sai cewa yayi to ai suna ya riga ya nuna, aya za a gasa miki a hannu. Ban yi masa magana ba har bayan isha'i.

Wadda ta cece ni maƙwabciyarmu ce, mijinta ya samu shanyewar ɓarin jiki shekara biyu da suka wuce, ita ke kai shi gashi sau biyu a sati har Allah ya sa ya fara takawa da sanda. Na shiga wajenta da yamma tana tsince shinkafa, nace Yaya zuwa nayi ki gaya min gaskiya. Ta ajiye tiren tace ke dai kwantar da hankalinki, ranar farko ma tambayoyi sun fi komai yawa, kuma in baki shirya ba sai kin fito ki dinga cewa kash na manta ban faɗi kaza ba. Tace ki rubuta komai. Tace ki tattara duk wata takarda da aka taɓa ba ki a asibiti ki zuba a leda ɗaya, da kwalayen magungunan da kike sha, kwalin kansa ba suna da ka ba, don mu sai mu ce fara ƙarama da ja doguwa, su kuma ba su san me kake nufi ba. Ita ce kuma ta tuna min maganar inshora, tace in kina kan tsarin ki koma inda aka yi miki rajista ki tambaya ko gashi na ciki, kuma ko sai an karɓo lambar izini kafin ranar, kar ki je da safe a ce ki koma. Na tarayya da muka sani da NHIS yanzu NHIA ake ce masa tun 2022, mu ma'aikatan jiha kuma namu daban ne, kowa dai ya bincika nasa. Na je na tambaya, kuma da ban je ba da na sha zirga-zirga a ranar.

Maganar rubutun nan ita nake so in fi tsayawa a kai, don ita ta fi yi min amfani. Na ɗauko ragowar littafin rubutu na 'yan aji, mai ganye ashirin ɗin nan, na ajiye a gefen gado. Da farko ban san me zan rubuta ba, sai na rubuta "kafaɗa na ciwo" na tsaya ina kallon shi. To wa bai san wannan ba? Sai na fara sa ido a kaina kamar yadda nake sa wa yaro ido a aji. Yaushe ne ta fi ciwo? Da daddare, wajen biyu zuwa uku na dare, ina farkawa sau biyu wani lokacin sau uku. A ina daidai? Ba saman kafaɗar ba ashe, gefen damtse ne, wani lokaci ya sauko har gwiwar hannu amma ba ya kai wa yatsu. Akwai mutuwar hannu ko jin kamar kiyashi na bi? Babu. Wane motsi ne ya fi tayar da shi? Miƙa hannu da sauri, kamar ranar da mayafina ya zame a adaidaita sahu na kai hannu baya in cafko, sai da naga wuta, na fi minti ɗaya ban iya magana ba. Me ke sa ya lafa? Ruwan ɗumi, da sa filo a ƙarƙashin hannun in na kwanta ta hagu. Sai kuma na jera abubuwan da suka gagare ni, tun daga allo har cuɗa baya wajen wanka har taje kai. Na rubuta awon sugana na safe na kwanakin nan, ban ɓoye ranakun da ya hau ba duk da raina ya so. Na rubuta aikin da aka taɓa yi min na haihuwar auta. A shafin ƙarshe na rubuta tambayoyina guda shida.

Abin mamaki, kafin in je asibitin ma rubutun ya nuna min wani abu da ban lura da shi ba: ciwon ya ɗan ragu a kan na watannin baya, ƙagewar ce ta ƙaru. Ni duk a dunƙule nake kallon abin, kafaɗa ta ƙi daɗi kawai.

Sai maganar kaya, wadda mu mata ta fi damun mu. "Kaya masu sakewa" da mutumin ya faɗa, ni duk atamfofina ɗinkin riga da siket ne masu zif a baya, wanda ko a gida sai an taya ni cirewa. Kuma tunda kafaɗa za a duba dole a ga kafaɗar, ba ta cikin hijabi za a duba ta ba. Abin da nayi, na sa shimi mara hannu a ciki, da dogon wando, na ɗora doguwar riga mai faɗi mai maɓalli a gaba, hula a kai maimakon ɗankwali, sai hijabi a sama. Sarƙa da awarwaro da zobe duk na bar su a gida. Wanda ciwonsa a gwiwa ne ko baya sai ya nemi wandon da zai naɗe har cinya, zani ba ya yi don za a ce ka ɗaga ƙafa. Takalmi kuma mara tudu.

Maigidan da ya gama tsokanarsa sai ya dawo da tambayar da na san tana ransa, wai mace ce za ta yi ko namiji. Nima tana raina. Na koma sashen kwana uku kafin ranar, daga makaranta na biya, na tambayi wata nas a hankali kamar mai neman bashi. Tace haba Hajiya wannan ai ba abin jin nauyi ba ne, kullum ana tambaya, akwai mata, ki faɗa da safe tun wajen ba da kati, sai dai in mutane sun yi yawa zaki ɗan ƙara jira. Tace kuma akwai labule, kina iya shiga da 'yarki. Tunda na same ta sai na ƙara da tambayar abinci da magani, don wata ta ce min wai ba a cin komai kamar za a ɗebi jini. Tace ina, ke da kike da suga ma ki karya kumallo sosai, ki sha maganinki yadda kika saba, ki taho da ruwa da ɗan abin taɓawa a jaka saboda jira, motsa jiki da yunwa yana iya sa suga ya faɗi. Maganin ciwo kuma in kin sha da safen ki gaya musu kin sha da lokacin da kika sha.

Kuɗi na riƙe a hannu na kuma ɗauki katin banki, don kun san halin sabis, ranar da kake sauri ranar yake ɗaukewa. Na nemi izini wajen hedimasta na ranar gaba ɗaya. 'Yata ta fari tace za ta raka ni.

To duk wannan shiri da nayi sai da na tafka kuskure ɗaya. Daren da zan je kafaɗar ta hana ni barci, ina ga har da fargaba, da asuba bayan nayi wanka na ɗauko man zafi na lafta mata shi, wai don ta saki kafin mu isa. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Bakwai da rabi muna can, amma mun tarar da mutane sun fi goma sha biyar. Zaman jiran nan ya sa na ji kunyar tsoron da na kwana tara ina yi. Ga wata yarinya ƙarama da jaririnta bai fi wata biyu ba, hannunsa ɗaya a sake ba ya motsi, tace wajen haihuwa ne ya samu rauni a jijiya. Ga yara masu shekara uku huɗu a goye wuyansu bai tsaya ba. Ga dattijai a keken guragu da 'ya'yansu, ga samari 'yan haɗarin babur da sandunan dogarawa. Ta ƙofa ina hango wani tsoho yana takawa a tsakanin wasu dogayen ƙarafa guda biyu yana riƙe da su, ana ƙirga masa. Ban ji ihun kowa ba, sai kukan yara, shi ma irin na yaron da ya ga baƙuwar fuska.

Wajen tara da kwata aka kira ni. Likitar gashin matashiya ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ta uku ba, ta gaishe ni da sannu Mama, ta faɗi sunanta ta ja labule tace 'yata ta zauna. Na zaci za ta ce in kwanta ta kunna inji. Sai ta ja kujera ta zauna ta buɗe fayil tace Mama ba ni labarin kafaɗar nan tun daga farko. Na ciro littafina ina ɗan jin kunya. Ta karɓa ta karanta shafi biyu shiru, ta ɗago tace Mama malama ce ko? Nace yaya aka yi kika gane, tace da kowa zai zo da irin wannan da mun huta. Kusan duk abin da take shirin tambaya yana ciki. Ta ƙara da waɗanda ban yi tunani ba: ko ina da ciwon wuya, ko ciwon ƙirji, ko zazzaɓi ko rama ba dalili, ko ina da matsalar maƙoƙo, ko an taɓa sa min ƙarfe a jiki ko na'urar bugun zuciya, ko akwai yiwuwar juna biyu (nan 'yata ta sunkuyar da kai tana danne dariya). Tace waɗannan na ƙarshen saboda injinan ne, akwai waɗanda ba a sa wa mai irin wannan. Ta auna hawan jini. Sannan tace in sifili ba ciwo ne, goma kuma ciwon da ya fi kowanne a rayuwarki, nawa zaki ba shi? Nace ni da na haihu biyar goma ta naƙuda ce, wannan da rana huɗu, da daddare bakwai.

Tambayar da ta tsaya min a rai ita ce da tace, me kike so ki koma yi wanda yanzu ya gagare ki? Ba wanda ya taɓa tambayata haka a asibiti. Nace ina so in rubuta kwanan wata a saman allo da hannuna, in ɗaura ɗankwalina, in kwanta ta ɓarin dama yadda na saba tun ina yarinya. Ta rubuta su ukun kamar yadda na faɗa.

Sai dubawa. Na cire hijabi da rigar sama, nan na gode wa Allah da shimin nan. Ta fara da wuya, juya nan juya can, tace wani lokaci ciwon wuya ne ke sauka a hannu a yi ta ɗora wa kafaɗa laifi. Ta sa na ɗaga hannun hagu mai lafiya, sannan na dama, gaba, gefe, baya. Ta ɗauko wani ma'auni na roba kamar rula biyu da aka haɗa da ƙusa, irin abin auna kusurwa na cikin akwatin lissafin yara, ta dinga aunawa tana rubutawa. Ɗagawa ta gaba tace lafiyayyen hannu yana kai wa kusan 180, nawa ya tsaya a 95. Juya hannu waje in gwiwar hannu na manne da jiki, ni 20 kawai nake yi. Da tace in kai hannu baya, na hagu ya kai tsakiyar baya, na dama ko ƙugu bai kai ba. Daga nan tace in saki jiki ita za ta ɗaga da kanta, ta ɗaga a hankali, ya je daidai wurin nan ya tsaya cak kamar ƙofar da aka sa wa dutse a baya. Tace kin gani Mama, wannan ne ya bambanta shi, da tsoka ce ko jijiya ta yage, ke zaki kasa ɗagawa amma in ni na ɗaga zai tafi, naki ko ni na ɗaga ba ya wucewa.

Ta zana min a bayan takarda. Tace mahaɗar kafaɗa tana cikin wata 'yar jaka ce da ta lulluɓe ta, jakar ce ke kumbura ta yi kauri ta tsuke, kamar rigar da ta shige bayan wanki. Shi ya sa hoton ƙashi bai nuna komai ba. Turawa wai daskararriyar kafaɗa suke ce masa. Ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60, ya fi yawa a mata, kuma masu suga sun fi kowa samunsa, nasu ya fi taurin kai. Yana da mataki uku, lokacin zafi, lokacin ƙagewa, sai lokacin saki, ni ina shiga na biyun ne, abin da littafina ya nuna kenan. Nace to likita sati nawa? Tace Mama ba zan yi miki ƙarya ba, ciwon nan yana iya ɗaukar shekara ɗaya har zuwa uku kafin ya gama saki, amma da motsa shi da kula da suga zaki fara ganin canji tun kafin nan, kuma ki sa ido a kan ɗaya kafaɗar don wani lokaci yana komawa can. Gaskiya raina ya ɓaci. Ni da na zo da niyyar a gasa ni sau uku huɗu in warke.

Tace bari mu ɗumama wurin tukunna. Ta matso sai ta tsaya ta shinshina, tace Mama me kika shafa? Na faɗa. Tace to ba zan sa miki zafi a kan wannan ba, man zafi da abin ɗumi in suka haɗu suna iya ƙona fata, ke kuma ƙuna ba abin wasa ba ce a wajenki. Haka aka kawo ruwa da sabulu 'yata ta wanke min kafaɗa a bayan labule kamar jaririya, aka ce mu jira fatar ta huce, aka shigo da wata kafin ni. Kusan minti arba'in na ɓata a banza. Don Allah ranar zuwa kar a shafa komai a wurin, ko basilin. Da ta dawo kuma sai da ta gwada ni da abu mai ɗumi da mai sanyi a fata ido a rufe in faɗi wanne ne, tace suga na iya rage jin zafi mutum yana ƙonewa bai sani ba. Sannan ta ɗora wata jaka mai ɗumi naɗe cikin tawul kusan minti goma sha biyar, tana leƙowa tana tambaya ko yayi yawa. Wannan fa shi ne duk gashin da ake ta ba ni tsoro da shi, ko rabin ruwan wankan jego bai kai ba.

Bayan nan ta kama hannun ta dinga motsa mahaɗar a hankali, ja kaɗan, turawa kaɗan. Da zafi, ba zan ce babu ba, amma tun kafin ta fara tace in ya kai inda zaki riƙe numfashi ki ce in tsaya, jin ja ba laifi, sara ne ba ma so. Sau biyu nace ta tsaya kuma ta tsaya. Muna cikin haka nake tambayarta karatun, tace shekara biyar tayi a Jami'ar Bayero sannan shekara ɗaya ta horo a asibiti kafin bautar ƙasa, kuma akwai hukumar da ke ba su lasisi, MRTB. Tace in zan ɗauki mai zuwa gida in tambaye shi lasisinsa, don masu tausa da yawa yanzu suna kiran kansu likitan gashi.

Sai ta ba ni aikin gida, ni da nake ba wa yara. Na farko in dafa tebur da hannun hagu in sunkuya in saki na dama yana lilo, gaba da baya, gefe da gefe, da zagaye. Na biyu in fuskanci bango in dinga hawa da yatsu kamar gizo-gizo har inda zan iya, in tsaya kaɗan in sauko. Na uku tace kina da sanda a gida? Nace akwai muciya. Tace ta isa, ki kwanta rigingine ki riƙe ta da hannu biyu, mai lafiyar ya dinga taimakon ɗan uwansa suna ɗagawa sama, sannan ki tura gefe. Na tawul ta baya tace ba yanzu ba sai gaba. Kullum sau biyu ko uku, bayan na ɗumama da ruwan ɗumi. Tace zuwanki nan sau biyu a sati bai kai awa biyu ba, sauran satin duk a hannunki yake. 'Yata ta nemi izini ta ɗauki bidiyo da waya lokacin da take nuna min, kuma wallahi da ba don bidiyon ba da na cakuɗa su, don muna isa gida na manta ko tafin hannu sama yake kallo ko ƙasa.

Cikin tambayoyina shida huɗu na samu yi. Na tambayi ko in daina rubutu a allo, tace a'a ki ci gaba iya inda hannun ya kai, ajiye shi ne ke ƙara ƙage shi, kuma kar ki rataye shi a wuya. Na tambayi allurar da naji ana yi a cikin kafaɗa, tace wannan sai likitan da ya turo ni, tana rage zafi amma tana ɗaga suga na wasu kwanaki, in za a yi sai an shirya. Sauran biyun suna shafin ƙarshe na manta ban buɗe ba sai a adaidaita.

Da daddare kafaɗar tayi tsami, ta riga ta gaya min za a yi haka, tace in ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu bai lafa ba ko ya kumbura in faɗa mata a zuwa na gaba, za ta rage. Surukata ta aiko a tambaya ko an gasa ɗin, nace a gaya mata an gasa. Washegari da safe kafin in tafi makaranta na tsaya a bangon tsakar gida na hau da yatsu, auta na riƙe da alli ya hau kujera ya ja layi daidai inda ɗan yatsana ya tsaya ya rubuta kwanan wata a gefe. Yau kwana goma sha ɗaya kenan, zuwa uku nayi, sabon layin ya ɗara na farkon da faɗin yatsu biyu. Ɗankwali har yanzu 'yata ke ɗaura min, muciya kuma na sayi wata don masu tuwo sun fara ƙorafi.